Dodannin Baba Masu Zif a Baya

Litinin, 1 ga Satumba

An sallamo Baba daga asibiti yau. Ƙafar dama tana ja, hannun dama kamar ba nasa ba, magana kuma babu. Wannan ta ƙarshen ce na kasa haɗiyewa. Mutumin da unguwa kaf ta sani da Mai Fassara, wanda ya shekara ashirin da biyu yana zuba a kan fim sau uku a rana a ɗakin kallonsa, yau in yana son ruwa sai dai ya nuna kofi da haɓa.

Likitar magana, wata doguwa mai gilashi, ta tsare ni a baranda. Ta ce watannin farkon nan su ne komai, abin da bai dawo a cikinsu ba da wuya ya dawo. Ta ce a riƙa jan sa da hira kullum, ko ransa bai so ba. Ta ba ni katuna masu hotuna, kifi, ƙwallo, cokali.

A ja shi da hira, wai. Ni da Baba. Shekarata arba'in da bakwai, in aka tattara duk hirar da muka taɓa yi ba za ta kai mu bakin titi ba.

Yaya ya ce shi kullum yana kan hanya da babbar motarsa, don haka ni ce. Dama yaushe ne ba ni ba. Na kwaso keken ɗinkina na dawo gidan Baba. Maigidana, Malam, ya ce zai riƙa biyowa in an tashi daga makarantar da yake koyarwa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na ɗaga katin kifi na ce, “Baba, mene ne wannan?” Ya dube ni, ya dubi kifin, ya sa hannun hagu ya ture shi ƙasa. Ban ga laifinsa ba. Dattijo ɗan saba'in da shida a zo ana nuna masa kifi.

Lahadi, 7 ga Satumba

Shiru. Sai ƙarar kekena da agogon bango.

Laraba, 10 ga Satumba

Na buɗe tsohon ɗakin kallo don in sama wa keke wuri, falo ya yi mini kaɗan kuma yadin mutane ya cika ko'ina. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man keke.

Komai yana nan yadda ya bar shi ranar da ya rufe. Benci shida. Baƙin labulen da Mama ta ɗinka, har yau kalmasarsa ba ta motsa ba. Kujerarsa ta katako a jikin bango, kusa da talabijin. Sai kwali huɗu cike da kaset, kowanne da rubutun hannunsa. Bai taɓa rubuta ainihin sunan fim ba, bai ma san shi ba, nasa yake raɗa musu. Kawu Mai Ƙaho Ɗaya. Gwaggon Fadama. Kunkurun da Ya Goya Gari. 'Yan Uku Ciki Ɗaya. Duk dodon da ya shigo ɗakin nan sai ya tashi ɗan uwanmu.

Warin ɗakin ne ya kayar da ni. Na zauna a bencin baya, sai ga ni 'yar shekara tara, da kwanon abincinsa a hannu, a bakin labule. An ce in miƙa in dawo, ni kuma ba na dawowa sai an aiko kirana. Talabijin ɗin ba ya magana, an ce lasifikarsa a lalace take tun ranar da aka sayo shi, don haka Baba ne muryar kowa. Shi ne jarumi, shi ne gimbiya da 'yar siririyar murya, shi ne boka, shi ne gurnanin dodo, yana yi da tafin hannu a baki. Manyan maza masu gemu har faɗowa suke yi daga benci don dariya. Nan da nan kuma ya sauke murya, ɗaki ya yi tsit, ka ji wani yana haɗiyar yawu.

In ya shigo gida kuwa murya ta ƙare. Ya sha ruwan ɗumi ya kwanta. Mutane suka sha muryar, mu aka bar mana tari.

Shekarar da Mama ta kwanta ciwo ina sha huɗu. Na bar makaranta na hau kekenta, ina jinya ina ɗinki. Ɗakinta bango ɗaya ne da ɗakin kallo, muna kwance muna jin sa yana ba mutane dariya. Har ta rasu, har yau ɗin nan, bai taɓa ce mini uffan a kan wannan shekarar ba. Ko sannu.

Na ja ƙofa na rufe. Keken ya ci gaba da zamansa a falo.

Asabar, 13 ga Satumba

Malam ya ce in nuna masa kaset ɗin da nake ta magana a kai, na ɗauko masa ɗaya. Ya ga hoton jikin, wani ƙadangare mai kai uku yana fesa wuta, ya yi ta dariya har da share hawaye. Ya ce wai wannan shirmen ne ya hana unguwa guda zuwa wurin aiki a kan lokaci? Ban san sa'ad da na ce masa ya kama bakinsa ba, shi me ya sani. Ni da na shekara talatin ina kiran su shirme da bakina.

Amma ba wannan ba ne abin rubutawa. Baba yana zaune a falo, idonsa yana bin kaset ɗin. Malam ya ɗaga hannu, idon ya bi. Ya ajiye a tebur, idon ya sauka. Tun da muka dawo ban ga ya bi wani abu da kallo haka ba, har da ni.

Talata, 16 ga Satumba

Na kira Injiniya, tsohon abokin Baba mai gyaran rediyo. Ya tsufa shi ma, hannu yana rawa, amma da ya riƙe sukudireba sai rawar ta tsaya. Ya buɗe bidiyon, ya goge kansa da auduga, ya canza wata 'yar roba da ta narke. Kaset da yawa sun yi fumfuna, ya ce kamar talatin za su tashi.

Da ya buɗe bayan talabijin na leƙa, na ga waya ɗaya a yanke tana lilo. Na ce ashe wannan ce duk matsalar lasifikar, a haɗa ta mana, Baba ya ji fim ɗinsa da sauti ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Injiniya ya ce, “'Yata, kin tabbata?”

Na ce me zai hana. Ya buɗe baki zai ƙara magana, wata mai karɓar ɗinki ta yi sallama, na bar shi tsaye. Halina ke nan, in na yanke abu ba na jin kira.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kwafsa.

Bayan la'asar muka tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin. Yana shiga ya ɗaga hanci yana shaƙar iska, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Na sa 'Yan Uku Ciki Ɗaya, na ƙadangaren nan mai kai uku, ina ta jin daɗin kaina. Sai kiɗa ya tashi, jarumin ya buɗe baki ya yi magana da wani yare, da wata murya ta hanci kamar mai mura.

Baba ya ɗaga sandarsa ya maka wa benci. Ya sake makawa. Wani sauti ya fito masa daga maƙogwaro wanda ba na fatan in sake ji. Sannan ya juya fuska ga bango ya ƙi waiwayowa har muka fitar da shi. Abincin yamma ko kallonsa bai yi ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na je shagon Injiniya da kaina. Bai ce mini ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Ya ce lasifikar nan lafiyarta ƙalau tun fil'azal. Baba ne ya yanke wayar da hannunsa, a gabansa, ranar farko. Wai cewa ya yi, “In su suka yi magana, ni me zan ce?”

Ya ce kuma Baba ba ya ba da labarin fim iri ɗaya sau biyu. Sai ya leƙa ya ga su wa ke zaune tukuna. Ran da mahauci da ƙaninsa suka shigo ba sa ga maciji da juna, ran nan kawunan ƙadangaren suka zama wa da ƙane masu gaba alhali cikinsu ɗaya. Kowa ya gane, babu wanda ya waiwaya, aka fito mahaucin yana cewa ƙaninsa ya zo ya rage masa hanya. Ran da wani kafinta ya binne ɗansa, da sati ya zagayo ya shigo ya zauna a baya, sai kunkurun nan ya zama uban da ke ɗauke da gida a bayansa yana tafiya don babu halin tsayawa. Injiniya ya ce, “Abin da ba ya faɗuwa ido da ido, babanki a bakin dodo yake sa shi.”

Na dawo a ƙasa duk da nisan. Baba ya san yadda zai yi wa mahauci magana, ya san na kafinta. To.

Lahadi, 21 ga Satumba

Malam, uban son gaskiya, ya tono ainihin fim ɗin ƙadangaren a wayarsa, da fassara a rubuce a ƙasa. Ya zauna yana karanta mini da muryar aji. Sarki ya ce a kashe dodo, jarumi ya je ya kashe, aka ba shi gimbiya. Shi ke nan fa. Babu wa, babu ƙane. Kan hagun nan da kullum yake lanƙwashe, wanda Baba ya ce mana shi ne auta malalaci da ba ya tashi sai an gama faɗa, ashe sandar da ke riƙe da shi ce ta karye suka rasa ta gyara.

Na fara jin haushi, kamar an yi mini sata. Daga baya na karɓi wayar na riƙa tsayar da hoton ina duba ɗinkin. Wallahi wanda ya ɗinka rigar dodon nan tela ne na gaske. Ya sa ƙari a hammata don na ciki ya iya ɗaga hannu. Zif ɗin baya ne ya ba shi wahala, ya yi ƙoƙarin ɓoye shi da ƙayoyin roba, na ukun ya ɓalle. Na san wannan gajiyar, ta aikin da ake jira gobe kuma yadi bai isa ba. Kuma akwai mutum a cikin rigar, yana gumi, ba ya ganin gabansa, ana ce masa ya taka gidajen kwali a hankali don babu wasu.

Malam ya nuna mini wani na zamani don in ga bambanci. Dodon ya yi kyau, har jijiyar idonsa ana gani. Na duba na duba ban ga inda hannun mutum ya taɓa shi ba. Minti biyar na mayar masa da wayarsa na koma kan hannun rigar da nake haɗawa.

Talata, 23 ga Satumba

Na tura Baba ɗakin, yana ta tirjewa da ƙafar hagu. Na juya talabijin ya ga bayansa, na ɗauko almakashina na yanke wayar a gaban idonsa. Ya daɗe yana kallon almakashin.

Na sa Gwaggon Fadama. Ta fito daga ruwa da ciyawa a ka, da takalmin kambas a ƙafa, yadda na san ta. Bakin Baba ya fara motsi. Yana motsi daidai inda ya kamata, inda jarumi zai yi magana, inda za ta yi gurnani. Babu abin da ya fito. Awa ɗaya da rabi muna zaune, hoto yana tafiya, yawu yana zubo masa ina gogewa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yau ba, kuma ban so ya gani ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Asibiti. Likitar ta gwada shi, ta rubuta abin da za ta rubuta. Ta ce har yanzu babu ko kalma ɗaya, kuma wata guda ya kusa tafiya.

Bari in faɗi abin da ke cina tunda babu mai karantawa. Ba don ya iya neman ruwa nake wannan wahalar ba. Tsoro nake ya tafi bai ce mini komai ba. Shekara talatin da uku ina jira, ina cewa wata rana, ashe bakin ma ana iya karɓe shi.

Laraba, 1 ga Oktoba

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

Na sa Kawu Mai Ƙaho Ɗaya. Shirun ya ishe ni, na ce bari in riƙa faɗin wani abu ko don kunnena. Ban iya ba, na manta rabin labarin, na yi ta kame-kame. Da Kawu ya leƙo daga kogonsa, ƙahon nan a karkace kamar hular ɗan gayu, na ce, “Ga ɓarawon awaki nan ya fito.”

Na ji numfashi a bayana. Na waiwaya, fuskar Baba ta haɗe, wuyansa ya kumbura. Ya ce ƙ, ƙ. Ya bugi ƙasa da sanda. Sai ya ce, “Ƙarya.”

Tas ta fito, da muryar nan tasa, ta dushe amma ita ce. Na ce, “Baba me ka ce?” Ya nuna talabijin ya sake cewa ƙarya. Na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya, shi kuma sai harara ta yake, don har yanzu ban janye sharrin da na yi wa Kawu ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kalmar farko da ubana ya ce mini bayan wata guda, maƙaryaciya ya kira ni. Na kira Yaya na gaya masa, sai da ya faka mota don dariya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Yanzu da gangan nake yi. Kullum ƙarfe huɗu na rufe keke, mu shiga, in yi ta shara ƙarya. Na ce gimbiya ce ta haifi kunkurun. Na ce bokan nan mai gemun da ke ɓallewa likitan haƙori ne. Na ce sojojin sarki dubu ne, alhali mutum biyar ne suke zagayowa ta bayan kyamara, ɗayansu da agogo a hannu. Baba ya ɗaga yatsu biyar ya ce, “Biyar.” Sabuwa ke nan.

Abin da muke da shi zuwa yau, ƙarya, biyar, tsaya, koma, Kawu. Koma yana nufin in tariyo kaset ɗin baya in sake faɗa daidai. Jiya sau shida ya mayar da ni wuri ɗaya, inda takobin jarumi ya lanƙwashe a cikin Gwaggo ya miƙe da kansa. Ban san me yake so in ce ba. Shi ya sani, yana nan cikin kansa cif, ƙofar ce a rufe.

Ƙarya kuma ta zama ta kowa. Malam ya ce masa ya ga ya yi ƙiba, ƙarya. Na ce maganin nan ba ɗaci, ƙarya.

Talata, 14 ga Oktoba

Yaya ya sauka. Ya shiga ɗakin kallo ya tsaya yana shafa benci, wai nan ne wurinsa. Da muka fito tsakar gida na ɗan taɓo masa maganar shekarar Mama, yadda muke kwance muna jin dariya ta bango.

Ya ce, “Ke ba ki san me ya sa kujerarsa take jikin wancan bangon ba? Da can ɗaya gefen take, kusa da ƙofa. Satin da Mama ta kwanta ya mayar da ita, ni na ɗaukar masa. Ya riƙa ɗaga murya har masu bencin gaba suna toshe kunne.”

Na tuna Mama tana kwance, ta ce in tsayar da keke. Ta ce, “Ji babanki, yau kuma Gwaggo ta yi aure.” Tana dariya tana riƙe haƙarƙari. Na manta da wannan sam, sai yau.

Laraba, 15 ga Oktoba

To ita ta ji nata. Ni fa? Ni da ke wanke ta, ni da aka cire daga aji. Yau ban shiga ɗakin ba, na ce masa ɗinki ya yi mini yawa. Ya ce ƙarya. Na yi kamar ban ji ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Kwanakin baya Injiniya ya zo duba bidiyo, ya zauna bai tashi ba. Washegari ya zo da tsohon kafintan nan, ya yi furfura fat. Yau mutum bakwai, har da matan da suka zo karɓar ɗinki suka ji dariya suka leƙo. Ni a tsaye a gefen talabijin ina ta zuba, Baba yana kan kekensa da sanda yana yanke hukunci. In ya ce ƙarya ɗaki ya ɗauka, in ya yi shiru in ci gaba.

Kunkurun muka kalla. Garin da ke bayansa kwalin sabulu ne, in ka lura har rubutun kamfanin ana gani a jikin wata hasumiya. Tsuntsun da ya kawo hari kuwa da yadin lema aka yi shi, zaren da ke riƙe da shi yana ƙyalli. Kowa ya ga zaren, kuma da tsuntsun ya sauko kowa ya sunkuyar da kai. Har Malam, na gan shi da idona, ya ce wai ƙuda ne.

Kafintan bai yi dariya ba. Da aka tashi ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Asibiti. Kalma sha bakwai. Likitar ta yi murna, ta ce in kawo mata kaset ɗaya ta gani. Sannan ta cire gilashi, na san abin da ke tafe. Ta ce abin ya fara tsayawa. Zai ƙara kaɗan-kaɗan, amma kada in sa rai zai sake jera magana mai tsawo.

Ke nan labaran sun tafi. Fim talatin, kowanne da labari ya fi goma, babu wanda aka rubuta ko aka ɗauka. Kuma maganar da nake jira ba ta cikin sha bakwai ɗin nan. Na lissafa su a mota muna dawowa, babu ita.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na ɓata wuyan rigar mutane, na farke, na sake ɓatawa.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ƙura ta rufe gari, babu wanda ya zo. Mu biyu kawai. Ya ce Kawu, na sa masa.

Akwai wani wuri a fim ɗin da wata yarinya take hawa dutse da kwando a ka, ta ajiye a bakin kogo ta tsaya. Malam ya ce a ainihin labarin mutanen gari ne suka aiko ta don dodo ya cinye. Ban shirya komai ba, Allah ya sani. Na ji bakina yana cewa wannan 'yar Kawu ce, abinci ta kawo masa. Na ce Kawu yana ciki yana yi wa duwatsu gurnani, duwatsu suna amsawa, yana jin daɗi. Na ce uwarta tana kwance a gida ba lafiya, ita ke wanka ita ke wanki, an cire ta daga makaranta, yatsunta duk huda ce ta allura. Na ce ba ta son komai a wurinsa, ba ta ce ya bar kogon ba. So take ya leƙo sau ɗaya ya ce ya gan ta.

A talabijin yarinyar tana tsaye, iska tana kaɗa mata riga. Na ƙi waiwayawa. Ina jiran kalmar nan tasa da yake jifan kowa da ita, ta fi kowace sauƙi a bakinsa.

Ba ta zo ba.

Na ji sanda ta faɗi ƙasa. Na ji hannun hagu ya kama gefen zanena, ya riƙe gam. Ya daɗe yana kokawa da numfashi, har na ce Baba bar shi, ya girgiza kai. Sai ya ce, “Haka ne.” Ya huta. Ya ce, “Na gani.”

Kaset ɗin yana ta tafiya, dole wani ya yi magana. Na ci gaba da murya duk majina. A fim ɗin Kawu ya fito yana ɗaga hannuwa, zif ɗinsa a buɗe har rabin baya, ana ganin singiletin mutumin da ke ciki. Na ce ya fito ne ya karɓi kwandon. Na ce ya makara, amma yarinyar ba ta tafi ba.

Talata, 18 ga Nuwamba

Kalma sha tara ke nan, ko ashirin da ɗaya in an raba su. Na rubuta wa likita a takardarta, ban faɗi yadda aka yi ba.

Ba wani abu ne ya canza ba. Da safe ya zubar da shayi na yi masa faɗa, ya ce ƙarya, alhali ga shi a rigarsa. Malam ya tambaye ni yaushe zan koma gida tunda likita ta ce abin ya tsaya. Na ce sai na ga yadda jikin ya yi.

Na sa an shigar da kekena ɗakin kallo, an ajiye shi kusa da kujerarsa. Hasken tagar can ya fi na falo, shi ke nan dalili. Yana zaune a gefena tun hantsi yana riƙe mini bakin yadi da hannun hagu, ba ya riƙewa daidai, na bar shi.